Makullin Gidan Waya a Aljihun Babana

Babana mai raba wasiƙa ne, kuma a gidanmu na Agege akwai doka guda da ba a takawa a gabansa: ba a aika saƙo ta hannun direba. Duk Bahaushen Legas ya san yadda ake yi. Ka leƙa Ketu inda manyan motoci ke sauke tumatir, ka damƙa wa direba ƙullinka da lambar wayar mai karɓa, jibi ya isa Arewa. Haka maƙwabta ke karɓar kuka da daddawa, har da takardun fili. Mu kuwa sai an liƙa kan sarki an buga hatimi. Baba yana jin saƙon direba kamar an zage shi a bakin masallaci. Sau ɗaya Goggo, ƙanwarsa da ke Zariya, ta aiko mana da yaji ta motar albasa, sai da Inna ta juye shi a tsohon gwangwani ta ce ai tun bara yake nan.

To, aikin da yake wa wannan kishi ba wani daɗinsa yake ji ba. Babur ɗin ofis sai an tura yake tashi, wani lokaci ma shi ke tura shi har gida. Da damina rufin ɗakin da suke tantance wasiƙu yana yoyo, su jera bokitai tsakanin buhuna suna aiki suna tsallake ruwa. Albashin kuwa kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Saboda haka da ƙungiyarsu ta fara maganar yajin aiki, ni ce kan gaba wajen zuga. Na dawo daga makarantar ungozoma ke nan, ba aiki, bakina kuma ba ya hutawa. Ni na yayyaga kwalayen taliya na rubuta musu allunan zanga-zanga da babban rubutu. Telan layinmu ya ce wa ma ke aika wasiƙa a zamanin waya, su yi ta yajin har shekara. Na tsaya a ƙofar shagonsa na wanke shi tas, har keken ɗinkinsa ya tsaya.

Ana cikin haka wani asibiti a Ojo ya kira ni ganawar ɗaukar aiki, aka ce in zo ranar Alhamis ta sama da ainihin takardar shaidar gama makaranta. Takardar tana Zariya, inda na yi karatun. Na kira Goggo na ce ta karɓo mini.

"In ba direba ko?" ta tambaya. "Akwai mai tashi gobe."

Baba yana zaune kusa da ni yana goge takalmi. Ban ko kalle shi ba, na ɗaga murya na ce, "Haba Goggo, takardar makaranta a motar albasa? Ki yi mata rajista a gidan waya." Na ga yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Ranar na ji ni 'yar halak.

Ambulan ya iso da yammacin Juma'a. Baba ya gan shi da idonsa, ya gane rubutun Goggo mai kama da sawun kaza. Amma saƙon rajista ba ya fita sai jami'in da ke kula da shi ya buga masa hatimi, shi kuwa ya riga ya tashi. Baba ya ajiye shi a kanta ya ce sai Litinin. Da asubar Litinin aka soma yajin aiki. Ma'aikata suka sa ƙaton kwaɗo a ƙofar ofis, suka duba wanda za su ba makulli, ba su ga wanda ya dace ba sai Baba. Wani abokin aikinsa Bayarabe, mai ciwon ƙafa, shi ya sa masa a hannu yana cewa da Turancin buroka, "Malam no dey bend," wato Malam ba ya lanƙwasuwa. "Riƙe."

Ranar farko dariya muka sha. Mutanen unguwa ba su taɓa ganin Baba a gida da hantsin Litinin ba, sai suka ɗauka ba shi da lafiya. Kafin azahar an cika mana zaure da 'yan dubiya. Wani ya zo da lemo, wata ta aiko da kunun tsamiya, ladan ya zo da rubutun sha. Baba ya yi ta bayani cewa lafiyarsa ƙalau, yaji suke yi. Wani dattijo mai sayar da goro ya saurara da kyau, ya jinjina kai, ya ce, "Allah dai ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne." Baba ya haƙura ya sha kunun.

Ni ma na yi dariya, don ban ɗauka akwai wata matsala ba. Makulli a aljihun ubana, takarda tawa ce, sunana ne a jiki. Da la'asar na kai masa shayi na ce, "Baba, gobe in za ka wurin zaman naku ka taho mini da ita."

Ya ce, "Ba zan buɗe ba."

Na ɗauka wasa ne. Da na ga ba wasa ba ne, na ajiye ladabi a gefe. Na ce minti biyu ne, ba wanda zai gani. Na ce shi ya jawo, da direba aka ba da tuni tana hannuna. Na ce allunan da suke ɗagawa ma ni na rubuta, ko ladan rubutu a biya ni da takardata. Inna ta sa baki daga kicin, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda mutum ya kulle abincin gidansa ya zauna gadi ba.

Baba ya bari muka gama. Sannan ya ce, "Yau da sassafe wata tsohuwa ta zo bakin ƙofar ofis, maganin idonta na ciki, ɗanta ya aiko daga waje. Na ce ta yi haƙuri. Akwai mai jiran takardar kotu, shi ma na mai da shi. Da wane ido zan kalle su in na buɗe wa 'yata?"

Na ce, "To buɗe wa kowa mana."

"In na buɗe wa kowa, an gama yajin, kuma ni na kashe shi."

Sai na ɗauke kofin shayin tun bai gama sha ba. Talata da Laraba ban yi masa magana ba sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Haushi nake ji sosai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san da takardar wata ce, da ni ce zan fi kowa yaba masa.

Ranar Alhamis na fito na tarar da shi a zaure cikin farar kaftaninsa ta Juma'a. Ya ce zai raka ni. Muka hau danfo, motar hayar Legas, zuwa Ojo. Shugabar ma'aikatan jinyar asibitin mace ce mai tabarau, ta yi mini tambayoyi na amsa, na ga alamar na burge ta. Da ta nemi takarda na nuna mata hoton da Goggo ta ɗauka a waya. Ta ce irin wannan hoton kullum ana kawo mata na jabu. Sai Baba ya nemi izini ya shigo, ya cire hula, ya yi mata bayani da Turancinsa na aiki: takardar tana ofishinsu, kanta ta biyu daga sama, ya gan ta da idonsa, makullin ma ga shi. Ya fito da shi ya nuna mata kamar wata shaida.

Matar ta sauke tabarau ta dube shi. "Oga, makulli na hannunka, kuma 'yarka ce?"

"Eh, madam."

Sai ta ce ta ba ni zuwa ƙarfe tara na safiyar gobe. In ban kawo ba, akwai mutane a layi.

A hanyar dawowa danfo ɗinmu ya biyo ta gaban gidan wayar, cunkoso ya tsayar da mu daidai ƙofar. Ga abokan aikin Baba nan a kan benci cikin rana, su bakwai ko takwas, ruwan jiya ya jiƙa alluna har rubutuna ya zubo. Mai ciwon ƙafar ya ɗora ƙafarsa a kan bulo, ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Baba bai kalle ni ba. A hankali ya ce, "In kin ce in sauka, zan sauka."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na san da gaske yake, kuma na san in ya sauka ba zai sake iya zama a bencin nan ba har ya bar aiki. Kwandasta yana ta buga jikin mota yana tambaya ko akwai mai sauka. Ina son aikin nan kamar raina, shekara uku na yi ina karatu dominsa. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa da Yarbanci, "Ko si," wato babu. "Mu je."

Motar ta ja. Na juya fuska wajen taga na yi kukana, ban ɓoye ba, har wata mata mai kwandon kifi ta miƙo mini hankici mai ƙarni.

Aikin ya wuce ni, sai bayan wata bakwai na sami wani. Yajin kuwa kwana goma sha ɗaya ya yi, aka yi musu alkawura, aka cika wasu. Ranar da suka koma, da hantsi na ji ana sallama a ƙofar gida, ana kiran cikakken sunana har da na uba, yadda ake kiran baƙo. Na fito na ga Baba cikin kayan aiki, jaka a kafaɗa, ambulan a hannu. Ya miƙo mini biro ya nuna inda zan sa hannu. Na sa hannu, ya damƙa mini ambulan ɗin.

Ya ce, "Ki yafe mini."

Na ce, "Baba, jeka, tsohuwar nan na jiran maganinta."