Ƙyauren Kawu a Ɗakin Karatu

Ɗakin karatun garinmu, Birnin Kudu, ƙofa ɗaya gare shi, kuma tana kallon durumin da dattawa ke zama a gindinsa tun hantsi har la'asar. Ina yarinya wannan bai dame ni ba. In tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe su, in shige wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ke kula da ɗakin.

Da na yi aure sai hanya ta toshe. Surukina yana cikin masu zaman durumin, to wace matar aure ce za ta ratsa gaban surukinta da abokansa wai za ta ɗauko littafi? Ba wanda ya buɗe baki ya hana ni. Kunya ce kawai. Maigidana kan aro mini, Allah ya saka masa, sai dai shi a wurinsa duk littafi littafi ne. Ina marmarin labari, ya kawo mini na kiwon kaji. Haushi kamar ya kashe ni.

Ana nan sai kuɗin man fetur ya zo, aka ce za a gyara ginin. Da ma ya gaji: azara ta ruɓe, ruwa na yoyo a kan kantoci, gara ta cinye na ƙasa. Aka yaye rufin soro aka sa kwano. Dattawa suka ce ba za a riƙa baɗe su da yashi ba, don haka magina suka fasa bangon baya, ta lungun da mata ke bi zuwa rijiya, suna shigar da kaya ta nan.

Wata rana ina dawowa daga gidan suna na ga kafar da suka fasa. Na duba gabas, na duba yamma, na tattare zani na shige. An tara littattafan a kusurwa an lulluɓe da tamfol. Kawu ya ɗago kai ya gan ni, sai ya ɗage mini tamfol ɗin. Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Kafin a gama daɓen siminti, ba ni kaɗai ke shiga ba, har da wata baiwar Allah daga Kiyako da ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci.

Sai ran nan na tarar an jibge bulo a bakin kafar, za a toshe. Na sami Kawu, ni kuwa da ma ban iya bakina ba. Na ce masa an ɗinka wa gini sabuwar riga, mu an bar mu a waje. Ya ce ya riga ya yi wa ɗan kwangila magana. Mutumin bai ƙi ba, amma ƙofa ɗaya ce a zanen da aka ba shi, ƙyaure ɗaya aka aiko daga Kano, kuma ba zai bar ginin hukuma a buɗe awaki su shiga ba. Yana da gaskiya, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Na koma gida na sha kukana.

Na ɗauki kwanaki ban bi lungun ba. Ranar da na bi, sai ga ƙofa an gyara bakinta da siminti, an kafa mata wani tsohon ƙyauren katako, shuɗin fentinsa duk ya koɗe. Na san shi sarai. Na sha jingina da shi ina ɓare gyaɗa.

Na zarce gidan Kawu. Asabari ce rataye a ƙofar ɗakinsa, ga damina ta kawo kai. Matarsa sai mita take, wai kaji sun mai da ɗakin akurki. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce, "Kawu, haka za ka zauna feshin ruwa yana shigo maka?"

Ya ce, "Ke dai ki riƙa jawo ƙyauren in kin fito. Yana ɗan cijewa, sai kin ɗaga shi kaɗan."

Har Allah ya karɓi ransa, asabarin nan ce a ƙofarsa.