Labulen Bube

Bube mai facin taya maƙwabcina ne a Jabo, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da wani abu. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah Ya jarrabe shi da dabara. Abin da kowa ke yi a sauƙaƙe, sai Bube ya nemo masa wata hanya, sannan ya zaunar da mu a bakin rumfarsa yana bayani har shayi ya huce.

Babbar fatawarsa a kan labule take. A wajensa, kwaɗo a jikin ƙofa shela ce cewa mai gida ba ya nan, ɓarawo bismilla. Shi dai a bar ƙofa a buɗe, a saki labule, a ajiye takalmi da buta a bakin ɗaki, a kunna rediyo. Wa zai ɗaga labule mutum yana ciki? Matarsa Marka ta sha gaya masa cewa tun kaka da kakanni kulle ƙofa ake yi a bar wa maƙwabci makulli. Ya ce mata ɓarayin kakanni ba su waye ba.

Bara da kaka Marka ta tafi Dogon Daji wajen 'yarsu da ta haihu, sai ga wata gayyatar suna daga danginsa na Kebbe. Bube ya ga ranar gwada iliminsa ta zo. Ya saki labulen ɗakinsa na ƙofar gida, ya jera takalmi da buta, ya kunna rediyo mai caji. Ana idar da sallar asuba ya sulale, bai gaya wa kowa ba, har ni. Sai da ya taka nesa da gari sannan ya tari babur.

Da hantsi sai ga Malam Attahiru daga Tambuwal, tsohon da ya karantar da Bube tun yana ɗan ƙarami. Ya haura tamanin, ya daɗe bai fita ko'ina ba, amma ranar ya sa aka ɗauko shi takanas don ya ga almajirinsa. Ni na tarbe shi, ni kuma da bakina na ce masa Bube na ciki, ga ma takalminsa nan.

Malam ya yi sallama, rediyo na ta labarin farashin taki. Ya sake, ya yi ta uku. Na miƙa hannu zan ɗaga labulen, ya riƙe ni.

"Bari, ɗana. Wanda bai amsa ba, ya amsa."

Ya hau babur ya koma, ko ruwa bai sha ba. Wallahi ranar na ji haushin Bube har wuya.

Washegari da la'asar Bube ya dawo yana murmushi, da ƙunshin naman suna a hannu. Na tare shi a ƙofa na zazzage masa labarin zuwan Malam. Mutumin nan ya yi tsaye kamar an dasa shi, domin zai iya rasa komai a duniya ban da albarkar malaminsa. Ko ɗaki bai shiga ba, ya bazama unguwa neman wanda zai shaida ba ya gari. Ina! Dabara ta yi kyau fiye da kima. Kowa ya ce yana ciki. Na'iya mai shayi ya rantse ya ji tarinsa, wata tsohuwa ta ce ta ji shi yana dariya da rediyo. Mutanen Kebbe kuwa danginsa ne, wa zai karɓi shaidarsu? Ya dawo ya zauna a dakali idonsa ya ciko, har ya ba ni tausayi.

Can ya tashi ya ɗaga labule ya shiga. Sai na ji dariya. Ya fito yana ta hamdala: babu rediyo, babu bargo, babu famfon iskar da yake sana'a da shi.

"An yi mani sata, maƙwabci. Mi nika nema wanda ya fi wanga shaida?"

Da safe na raka shi Tambuwal. Ya durƙusa gaban Malam ya kwashe labari tun daga takalmi har famfo, ya ce in da yana ciki, da wa zai ɗauke rediyo a kusa da kunnensa. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce ya yafe, ya sa masa albarka, ya dafa kansa.

"Amma Bube, ashe labulen nan naka mai kunya kaɗai shika tsarewa."

Bube ya yi godiya, muka fito. A hanyar komawa ya sa aka tsaya kasuwa ya sayi kwaɗo, makullin yana rataye a ɗakina.