Waɗanda Ba Su Samu Kabari Ba

Jiya kwanon sha ya kuɓuce mini a gulbin Ƙaura. Ina kallo ya cika ya nutse, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Ya yi yaƙin Bama. A can ya ji labarin wani jirgin ruwan yaƙi na Japan da aka nutsar. Kwamandoji da yawa sun riƙe shi sun sauka lafiya, na ƙarshen ne ya ƙi fita, ya bi sojojinsa ƙasan teku.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, muna dawowa daga jana'iza a Zurmi, ya sake ɗauko zancen. Na ce, "Kaka, ai maƙiyanku ne."

Ya daɗe yana murza jar ƙasar makabarta da ta liƙe masa a yatsu. Ya ce, "Ɗiyan mutane na. Ba wanka, ba likkafani, uwayensu ba su san inda za su tsaya su yi kuka ba."

Bai ƙara damina biyu ba. Da hannuna na zuba masa ƙasa mai sanyi, mai ƙamshin ruwan fari. Allah Ya haskaka kabarinsa, shi da ya tausaya wa waɗanda ba su samu ba.