Koren Zaren da Inna Ta Bari

Ranar wata Alhamis ce, kwana tara bayan Babbar Sallah, a shekarar da zan shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko ta Bibemi. An yi ruwa da asuba, rana ta buɗe da hantsi, sai Goggo Hansatu ta ce mu fitar da kayan ɗaki su sha iska kafin su yi fumfuna. Muka jawo akwatin ƙarfen Inna mahaifiyata daga ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarta shekara uku kafin nan, muka ajiye shi a gindin darbejiyar tsakar gida. Da murfin ya ɗagu, ƙamshin kafur da tsohon turaren wuta ya taso. Goggo tana ciro zannuwa tana miƙo mini, ina shanyawa a igiya, har muka kai ƙasan akwatin. A can muka tarar da wani farin yadi na zanen gado a ninke. Muka kama bakinsa ni da ita muka ware shi a rana, sai ga reshen bishiya ya ratsa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, da tsuntsaye biyu a kai, da koren ganye an ɗinke shi da zare mai sheƙi. Amma reshen bai kai ƙarshe ba. Ganye goma sha ɗaya na can sama zanen fensir ne kawai, kuma allurar tana soke a inda aka tsaya, da guntun zare a hancinta, ta yi tsatsa har ta ɗiga wa yadin ɗan tabo.

Goggo yayar babana ce. Ta dawo gidanmu daga Tuboro bayan mijinta ya rasu, ita ta riƙe ni, kuma duk unguwarmu babu wadda ta kai ta iya ɗinkin hula. Don haka na ɗauka kwana biyu ya ishe ta ta ƙarasa zanen gadon. Ta daɗe tana shafa ganyayen da bayan yatsa, sannan ta ninke yadin ta ɗora mini a hannu. "Hannuna ba nata ba ne, Bilki," ta ce. "Ke za ki ƙarasa, amma ba yanzu ba."

Daga ranar na shiga koyo. In na dawo daga lakwal, na ɗebo ruwa a rijiyar maƙwabta, na kai wa awaki harawa, na wanke tukwane, sai mu zauna a tabarma a inuwar rumbu, ita da hularta, ni da tsumma. Ƙawayena suna leƙowa ta zaure su kira ni wasan carafke ko 'yar gala-gala, wani lokaci in sulale in bi su, in dawo da ƙafa buɗu-buɗu in tarar Goggo ta warware duk abin da na ɗinka. Ba ta faɗa. Cewa kawai take yi, "Bayan ɗinki ake dubawa, ba gabansa ba," ta miƙo mini tsumman.

Abin da ya fi koyon wuya shi ne kayan aikin. A duk Bibemi babu kanti ko ɗaya na zare da allura. Ranar kasuwa akwai wani mai tebur da kan kawo zaren keke fari da baƙi, wani lokaci da ja, tare da ashana da sabulu, shi ke nan. Abin yakan ba ni mamaki, don garinmu garin auduga ne. Da kaka gonaki sukan yi fari fat har iyakar ganin ido, mu yara mu tafi tsinka da buhu a wuya, manyan motoci su zo su yi lodi su nufi Garwa suna zubar da farin gashi a kan ƙayoyin bakin hanya. Duk wannan audugar ta fita, amma abin da za a ɗinka ganye ɗaya da shi ba ya dawowa. Sai mata suka koyi dabara. Mukan sayi tsohuwar suwaita a wurin 'yan gwanjo, mu warware ta, mu jiƙa ulun a ruwan zafi ya miƙe, in riƙe hannuwa biyu a buɗe Goggo tana naɗewa har kafaɗuna su ƙage. Mukan zare silin zare daga gezar tsohon mayafi. Allura kuwa, uku gare mu a gidan, a soke a jikin wani ɗan matashi mai cike da gashin tinkiya. Ranar da ɗaya ta faɗi a cikin yashi, aiki ya tsaya cak, muka bi tsakar gida a durƙushe da mayen ƙarfen da aka ciro daga mataccen rediyo, kaji suna bin mu a baya suna zaton hatsi muke nema.

Bayan shekara guda Goggo ta duba bayan tsummana ba ta warware ba. Ta ce hannuna ya yi, saura zare. Guntun da Inna ta bari bai kai tsawon hannuna ba, don haka muka yanki ɗan kaɗan muka ƙulle a takarda muka ba Baba, wanda yake zuwa Garwa sarin kayan shagonsa. Ya dawo da kore mai duhu irin na ganyen mangwaro. Muka sake ba shi, ya dawo da tsanwa mai kashe ido. A karo na uku, da ya ga Goggo ta kara zaren a jikin yadin ta girgiza kai, sai ya ce, "Haba Yaya, kore ai kore ne." Ya faɗi haka yana dariya, amma bai dubi yadin ba. Ban taɓa ganin ya dube shi ba, ko sau ɗaya.

Ni kuwa wani tsoro ne ya kama ni wanda ban gaya wa kowa ba. Nakan ciro yadin a ɓoye in ware, kuma duk warewa sai in ga zanen fensirin ya ƙara dushewa. Ganye biyu na can ƙarshe sai na karkata yadin a haske kafin in gan su. Ba na iya tuna muryar Inna sosai, fuskarta ma takan zo ta tafi, amma waɗannan layukan ita ta ja su da hannunta, ta san inda take so kowane ganye ya karkata. Na san in suka ɓace, ko na samu zaren, nawa reshen zan ɗinka ba nata ba. Wata rana Goggo ta tarar da ni ina kuka a kan yadin. Ba ta tambaye ni dalili ba. Da Baba ya shigo cin abinci ta ce masa, hutun nan da mu zai tafi Garwa.

Wannan ce tafiyata ta farko da na yi wayo. Muka shiga bayan mota a kan buhunan gyaɗa, yadin yana ƙunshe a cinyata. Muka wuce Pitowa, na ga duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa, gajimare yana zaune a kansu. A babbar kasuwa Baba ya tafi sarinsa, mu kuma muka shiga tambaya. Teloli uku suka duba guntun zarenmu, duk suka ce mu nemi Baba Iliya, in babu a wurinsa to babu a Garwa.

Kantinsa yana cikin wani lungu a bayan masu sayar da tasoshi, ƙofar ƙarama ce, sai babba ya sunkuya. Da muka shiga daga hasken rana ban ga komai ba, sai a hankali launuka suka fara fitowa daga duhu. Tun daga ƙasa har rufi zare ne, an jera shi launi-launi, ja yana gangarawa zuwa ruwan hoda, ruwan goro yana komawa ruwan ƙwai, shuɗi iri-iri har na daina ƙirgawa. Ga kwalabe cike da maɓallai da duwatsun ado, ga leshi a nannaɗe, ga almakasai a rataye suna ɗan motsi, ga allurai a cikin baƙar takarda, manya da ƙanana. Wurin yana da sanyi da ƙamshin sabon yadi. Na tsaya riƙe da gefen mayafin Goggo, ina jin kamar in na yi numfashi da ƙarfi komai zai watse.

Baba Iliya tsoho ne ɗan siriri, mutumin duwatsun arewa, Kirista, da ƙaramin gicciye a rataye a bayan teburinsa. A kasuwa ya koyi Hausa, yana yi yana tsoma Fulatanci. Suka gaisa da Goggo da "Jam na, jam koo dume," sannan ta miƙa masa guntun zaren. Ya ce guntu ba ya faɗin gaskiya, mu ba shi aikin gaba ɗaya. Ya ɗauki yadin ya fita da shi bakin ƙofa, ya gyara tabaransa, ya juya shi ta baya, ya sa farce ya ɗan buɗe wani ƙulli. A cikin ƙullin koren ya fi na waje ƙarfi. Ya ce zaren da muke ta aikewa ya koɗe ne, shi ya sa duk wanda ya bi shi yake ɓata. Sai kuma ya shiga bin tsuntsayen da yatsa.

"Wannan hannun na san shi," ya ce. "Wata 'yar doguwa ce mai wushirya, daga Bibemi. Takan zo da yarinya a goye. Ina take, kwana biyu?"

Goggo ta ce, "Allah ya yi mata rasuwa. Ga yarinyar nan."

Ya cire tabaran ya riƙe a hannu. Ya yi mana gaisuwa da irin kalmominmu, ya ce Allah ya jiƙanta, sannan ya dube ni ya ce, "Ashe ke ce mai jan kwalbar maɓallai." Ya ba mu benci muka zauna, ya aika aka kawo mana ruwan sanyi, ya shiga ba ni labari. Ya ce Inna takan shafe awa guda tana zaɓen launi ɗaya. Takan kwashi zare biyar ta fita da su rana, ta dawo, ta sake fita, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa ba tare da ta san ana ji ba. Ya ce ta taɓa kawo masa ɗanyen ganyen tsamiya a ƙullin mayafi ta ce irinsa take so. A gida ba a cika yi mini maganarta ba, don kada a tayar mini da hankali. A wannan ɗan lungun na fara jin cewa mahaifiyata mace ce mai tsiwar zaɓe, mai waƙa, mai sa ɗan kasuwa dariya.

Ya taka kujera ya sauko da wani kwali daga can sama, ya hure shi, ya ciro ƙulli huɗu na koren. Ya ce su ne suka rage, masu kawo masa sun daina kawo irinsa. Da Goggo ta kara shi a gaban yadin sai ta ɗan ɓata fuska, don ya fi na Inna haske. "Shi ne, Hajiya," ya ce. "Nata ya riga shi tsufa ne kawai. Ku ɗinka, ku wanke, ku shanya. Za su haɗu a hanya."

Wata biyu na yi ina ɗinka ganyayen nan, ɗaya bayan ɗaya, na fara da biyun da suka fi dushewa. Ranar da na gama, Goggo ta shimfiɗa zanen a kan igiya, Baba ya shigo daga masallaci ya yi turus. Ya matso ya tsaya a gabansa har inuwar rumbu ta gusa, sannan ya ɗora mini hannu a ka, ya shige ɗakinsa. Maganar tsohon kuwa ta tabbata. Kafin in gama lakwal, ko Goggo sai ta lalubi bayan yadin take gane inda Inna ta tsaya da inda na ɗora.

Yau shekarata ashirin da wani abu ina zaune a Garwa. Baba Iliya ya koma dutsensu tun ina budurwa, 'ya'yansa ba su riƙe sana'ar ba, lungun ma an rushe an yi shagunan waya. Garin ya faɗaɗa, babura sun cika titi, za ka samu zanen gado mai fure na inji a kowace kwana, amma mai son yin nasa da hannu sai ya aika Duwala ko Kano, ya zaɓi launi a hoton waya, ya karɓi abin da ya zo.

Watan jiya 'yar ƙanwata Zulai ta ce in koya mata saƙa. Na shiga kasuwa tun hantsi har azahar ina neman kwarashi. Wani saurayi mai shago ya tambaye ni, "Mama, mene ne shi?" Da na kwatanta masa, sai ya nuna mini hulunan jarirai saƙaƙƙu a leda, ya ce me zai sa in wahalar da kaina. A hanyar gida na zauna hutawa kusa da wani dattijo mai gyaran keke, na ba shi labari don in rage haushi. Ya yi dariya, ya jawo tsohuwar ƙafar keke, ya zare waya ɗaya daga cikinta, ya gutsure, ya lanƙwasa bakin, ya yi ta goga shi da magagari har ya yi santsi. Ya ce haka yake yi wa mahaifiyarsa tun yana yaro, kuma rabon da wata ta tambaye shi har ya manta. Na kawo wa Zulai, ga ta can a baranda tana fama da shi, harshe a waje. Ina kallonta ina tunanin wanda za ta je wurinsa ranar da nata aikin ya tsaya. Kaya sun yi yawa a garin nan, masu sanin kayan ne suka yi ƙaranci.