Gefen da Ban Shafa wa Farar Ƙasa Ba

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngawundere, manyan motoci suka cika Garwa. Rumfata tana bakin kasuwa, inda nake zana allunan shaguna: kan aski, keken ɗinki, kwalbar lemo. Duk motar da ta wuce sai ta karkatar mini da layi. Bayan azahar nakan rufe, in ɗauki fallen katako da ragowar fenti, in shiga neman wurin zama. Filin gaban ofisoshi babu inuwa. Harabar masallaci kuma ba wurin zane ba ce.

A ƙarshe na sami wasu itatuwan dogon yaro kusa da tashar jiragen ruwa. Da rani kogin Binuwai kan janye, jirage su daina zuwa, wurin ya zama na mutum biyu: wani tsohon mahauci da ke zuwa ya kishingiɗa in ya sayar da namansa, da wata mata Kirista daga duwatsun arewa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa.

"Baba, ka zo kore mini masu saye da minshari?" in ji ta.

"Su wa? Tun safe ƙuda ne kaɗai ya taya."

Nakan zauna in ba hanya baya, in fuskanci kogi. Abin da nake son kamawa shi ne launin jikin itatuwan da la'asar, toka-toka mai ɗan ja, da farin yashi a bayansu. Fentin da nake da shi na mota ne, ya cika sheƙi. In haɗa, in goge, in tashi in zaga, in dawo. Ko a can ban iya zama wuri ɗaya ba, domin na san da ruwan farko jirage za su dawo, 'yan dako da buhunan auduga su mamaye wurin.

Ana nan sai aka ce shugaban ƙasa, wanda ɗan Garwa ne, zai zo gida. Al'adar garin ce a shafa wa kowane itacen bakin hanya farar ƙasa daga gindi zuwa ƙirjin mutum, kuma ba ta fita sai damina. Wani ma'aikacin magajin gari ya tsaya a kaina, ya fara da Faransanci, ya koma Hausa.

"Kai ne mai fentin nan? Gobe ka zo a ba ka bokiti. Itatuwan nan kai za ka shafa musu."

Na ce zane nake yi, ba shafe ba. Ya dubi buroshina, ya ce za a ba ni wanda ya fi shi girma. A lokacin ba a ja da irin wannan magana.

Washegari na tsaya gaban itacen farko da bokiti a hannu, na kasa farawa. Mahaucin ya ɗaga hula daga fuskarsa.

"Ɗana, manyan ta ruwa za su zo?"

"Ta hanya, Baba."

"To wa zai leƙa bayan itace?"

Mai gyaɗa ta ce, "Yau ka yi magana. Koma barcinka kafin ka ɓata ta."

Na shafe gefen hanya tas, na bar gefen kogi. Ma'aikacin ya wuce a mota, ya gyaɗa kai. Ranar zuwan aka tashe mu duka, aka share, aka yayyafa ruwa. Ayarin bai ko rage gudu ba.

Da muka dawo, na ɗauke kayana na koma gefen kogi. Launin yana nan yadda na bar shi. Amma daga nan babu yashi a bayan itatuwan, sai hanya da motocin shanu da hayaƙinsu. Na gwada barin tsakanin itatuwan fili, zanen ya yi kama da allon da ba a gama ba. Na kankare, na sa motocin, ina yi ina jin haushi. Mahaucin na sa shi a gindin itace, hula a fuska, tunda ya ce bai yarda a zana idonsa ba.

Na gama kafin damina. Ruwan farko ya wanke farar ƙasar, ba da jimawa ba jirage suka iso. Zanen yana ɗakina har yanzu. Wanda na fara, mai yashin, yana ƙarƙashin fentinsa.