Gwadon Inna a Ɗakin Jinya

Shekarar da gyambo ya ci mini ƙwauri, ba a daɗe da gina ɗakin jinya a bayan Limawa ba, can gindin duwatsu. Ginin ƙasa ne, gadajen ƙarfe shida, da taga biyu masu kallon dabinai. Iska na shiga, ana shara safe da yamma.

Warin magani bai dame ni ba. Mayafin ne na ƙi: fari fat, ba ado, a ja maka shi har wuya. Mu kuwa mutum ba ya miƙewa cikin farin ƙyalle sai ranar da aka yi masa sutura. A rana ta uku na ce wa malamin asibiti gida zan tafi.

Ya ce, "Malam, in ka tafi, ƙafar nan ba za ta kai kaka ba."

Na ce, "Gara in rasa ƙafa da in shiga likkafani da raina."

Wani tsohon masunci daga Haɗeja, da ke gadon kusa da ni, ya ce, "Faɗa masa dai! Ni nawa yana ƙarƙashin gado tun ranar da na zo."

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta, ta kawo mini sabon gwado, bai daɗe da fitowa daga marina ba. Malamin ya ce dokar Bature ce, duk abin da zai hau gado sai an tafasa shi. Mai wanki kuma, don tsimin itace, ya haɗa shi da mayafan a tukunya ɗaya.

Da aka shanya, sai ga su duk sun yi shuɗi-shuɗi, kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Malamin ya dafe kai.

"Inna, kin kashe ni!"

Ta ce, "Ɗan nan, ni na hura wutar?"

Da likita Bature ya zo daga Kano, ya tarar da mu shida kowa a lulluɓe, har masuncin. Ya tambaya, tafinta ya yi masa bayani. Ya daɗe yana murza bakin mayafina, sannan ya ce a buɗe ƙafar ya gani. Bai ce a sauya mayafan ba.

Na zauna har gyambon ya rufe, alhamdu lillahi. Ginin ya daɗe da rushewa. Ƙafar kuwa, da tabonta, ita ke kai ni masallaci har yau.