Lungun da ake kira da sunana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mani waya: Malam Sule Mai Igiya ya rasu.

Na aje kofin shayi, har yanzu yana nan inda na aje shi.

Kun san ni, ba na rubutu mai tsawo a nan. Amma akwai maganar da na riƙe sama da shekara hamsin, kuma wanda ya kamata ya ji ta ya tafi.

Bayan samun 'yancin kai, auduga ta cika Funtuwa da baƙi, kowa na neman inda zai kafa gida. Mu dillalan filaye muna yanka gonakin bakin gari muna sayarwa. Ni ne ƙarami a cikinsu, kuma ni kaɗai na taɓa zama a ajin sakandare. Ina awo da tef, su suna jan igiya. Kaina ya kumbura.

Sule ya girme ni da shekara shida. Shi ya fara nuna mani yadda ake gane filin da ruwa ke kwanciya, ko da rani ne. In na zo kasuwa ban karya ba, ya raba ƙosansa biyu ya ba ni rabi.

Shi ya tara dillalai ga aikin gayya. Duk Asabar su fita da diga da shebur su haƙa kwata a sababbin unguwanni, ba ko sisi. Kuma kafin a sayar da fuloti ko ɗaya, sai mutum huɗu sun ɗauki makara ba kowa a ciki sun bi kowane lungu da ita. Inda ta ƙi juyawa, a tuge turaku a ƙara faɗi.

Ni dariya nike masu. Na ce, "Yaya Sule, ni ba leburan En'e ba ne. Ku da ke yawo da gadon matattu, wa zai sayi fili hannunku?"

Ya ce, "Garba, duk wanda ka sayar ma gida, a kwance zai fita ƙarshe."

Da na samu gonar farko da zan yanka ni kaɗai, ban kira su ba. Na matse lungu, na lanƙwasa shi, na fitar da ƙarin fuloti ɗaya a kan kwana. Sule ne ya saye shi. Na riƙa yawo ina cewa har mai makara ya zo hannuna. Ya gina ɗakin amaryar da zai aura bayan kaka. Ni kuma na gina ma mahaifiyata gida a ƙuryar lungun.

Damina ba ta fita ba Inna ta rasu.

Aka ɗauko ta, aka iso kwana, makara ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka karkata, ta ƙi. Jama'a tsaye cikin taɓo. Wani ya ce sai dai a miƙa ta ta saman katanga. Uwata, kamar damin dawa.

Sule ya ce, "A sauke ta a hankali. Ku ba ni diga."

Shi ya fara sarar ɗakinsa. Dillalan nan da na yi ma dariya suka kama mashi. Kafin la'asar Inna ta wuce a kan kafaɗu, a miƙe. Aurensa sai da ya ƙara shekara, bai kuma sake gini a wurin ba.

Ban ce mashi na gode ba. Girman kai ya hana ni ranar, kunya ta hana ni daga baya.

Da Allah ya buɗa mani, na sa kwalbati da siminti a wurin, mutane suka fara cewa Lungun Alhaji Garba. A taro an sha tashi a ce ni na bada filin sadaka. Ina zaune a kujerar gaba ina gyaɗa kai. Sau ɗaya ma Sule na wurin, yana tafa hannu tare da kowa.

Ganinmu na ƙarshe a wajen wani suna ne a Bakori, bayan ƙaramar Salla. Idonsa ya tafi, da murya ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan boko, har yanzu kana yanka lungu kamar wuyan kwalba?" Muka yi dariya. Maganar ta zo mani har baki. Sai na ce ma direba ya ɗauko mashi shadda a mota.

Ya shafa ta ya ce, "Mai kyau ce. Ka zo mu yi hira dai, Garba."

Ban je ba.

To ku ji, 'yan Funtuwa: filin nan na Sule ne. Ni na toshe hanya, shi ya buɗe ta. Kada wanda ya ƙara kiran lungun da sunana. Ku kuma matasan da ke wannan sana'a, in an kira gayya ku fita, kada ku aika da wakili.

Bayan azahar za a yi jana'izarsa. Na roƙi 'ya'yansa su biyo da shi ta lungun, sun yarda. Kafaɗata ba ta ɗaukar komi yanzu, amma zan tsaya a kwanar.

Ya Allah, ka gafarta ma Sule, ka yalwata mashi kabarinsa kamar yadda ya yalwata ma uwata hanya. Duk wanda ya karanta, dan Allah ya yi mashi addu'a. In ta rage, ku sa da ni.